Ku Tambaya Mu Amsa: Wai da gaske gwamnatin Amurka ta biya wa kowa haya lokacin korona?

Assalamu alaikum masu karatu. Satin nan wasiƙu huɗu na ɗauko duk akan haya, ta farko ita zata fi cin wuri saboda zumunci ne yake neman lalacewa a cikinta.

TAMBAYA

Salam Malam, dan Allah a warware min wata magana da ta hana gidanmu sakat. Ƙanena yana Amurka a wani ɗan ƙaramin gari cikin jihar Nebraska, a kamfanin yankan shanu yake aiki. Lokacin korona ya kamu ya kwanta, da ya tashi kuma aka rage musu awannin aiki, haya ta taru masa har ta wata biyar, yace sai da yaci bashi ya biya, tun daga nan abinda yake turo wa Inna ya ragu sosai. Su huɗu ne a gidan kuma sunan mutum ɗaya ne a takardar haya, shi suke haɗawa kuɗin a hannu. To ɗan maƙwabciyarmu dake New York yazo hutu yace ai ƙarya ne, gwamnati ta biya wa kowa haya, shima an biya masa ta wata goma. Yanzu Inna ta ɗauka yaron ya canza ne, ko ya kira sama-sama take amsawa. Ni dai zuciyata bata yarda ba. Waye mai gaskiya a cikinsu?

Wata 'yar uwa daga Maraɗi

AMSA

Wa alaikissalam 'yar uwa. Ɗan maƙwabciyarku bai yi ƙarya ba da yace an biya masa, amma yayi kuskure babba da yace an biya wa kowa, kuma duk abinda kika faɗa game da ƙanenki ya dace da yadda abin ya gudana a ƙananan garuruwa, musamman ma a jihar da yake. Bari in bi miki shi daki-daki ki samu abin faɗawa Inna.

Abu biyu gwamnatin tarayyar Amurka tayi kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Na ɗaya hana kora. A watan Maris 2020 majalisa tayi doka ta hana korar 'yan haya na kwana 120 amma a gidajen da gwamnatin tarayya ke da hannu a ciki kawai, sai a ranar 4 ga Satumba 2020 hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta fitar da umarni na ƙasa baki ɗaya, hujjarta itace in ka kori mutum zai je ya cusa kansa gidan dangi ko gidan marasa galihu cutar ta ƙara bazuwa. To amma wannan umarnin bai yafe wa kowa ko sisi ba, kuɗin yana nan yana taruwa wata bayan wata, kuma sai ɗan haya ya sa hannu a wata takarda ya kai wa mai gidan da kansa kafin kariyar ta hau kansa, wanda bai san da takardar ba shikenan.

Na biyu shine kuɗin, shirin da suke kira ERA wato tallafin haya na gaggawa. A ƙarshen Disamba 2020 aka ware dala biliyan 25, a Maris 2021 aka ƙara biliyan 21.55, jimla sama da biliyan 46. Sharaɗin shine abinda gida ke samu kar ya wuce kashi 80 cikin ɗari na matsakaicin samun mutanen yankin, sannan annobar ta taɓa samun mutum, sannan yana cikin haɗarin rasa wurin zama. Ana biyan bashin haya da na wuta da ruwa da gas, in aka haɗa zangon biyu har na wata 18, yawanci kai tsaye ake tura wa mai gidan. A takarda ƙanenki ya cancanta, dokar tarayyar ma bata ce sai ɗan ƙasa ba.

Sai dai hangen Dala ba shiga birni bane. Ma'aikatar kuɗi a Washinton bata raba wa mutane da hannunta ba, ta ba jihohi ne, sannan ta ba birane da gundumomin da yawan mutanensu ya haura 200,000 nasu kason kai tsaye. Kinga ke nan duk wanda garinsu da gundumarsu basu kai haka ba, babu ofishin garinsu da zai je, sai dai ya nema ta shirin jiha, shirin jiha kuma kusan duk a intanet yake, fom ne mai shafuka da yawa da Turanci, a ɗora hoton takardar haya, a ɗora takardar albashi, a ɗora shaidar bashin, a jira mai gidan shima ya cike nasa ɓangaren. Mutumin da ya yini tsaye cikin sanyin mayanka da wuƙa a hannu, ya dawo da dare da ƙaramar waya da sabis mai zuwa yana ɗaukewa, kuma sunansa ma baya cikin takardar hayar, ta ina zai fara? Ma'aikatar kuɗin daga baya tace a sassauta, mutum zai iya rubuta shaida da kansa in bashi da takardu, kuma in mai gida yaƙi bada haɗin kai a ba ɗan hayan kuɗin a hannunsa, amma jihohi da yawa sun yi nawa wajen bin wannan dan tsoron kar ace sun bari anyi maguɗi. Zuwa ƙarshen Yuli 2021 abinda ya isa hannun mutane a duk ƙasar bai fi dala biliyan 5 da ɗan wani abu ba, cikin biliyan 46 fa.

Shi na New York yana cikin jama'a, akwai masallatan 'yan Afirka ta Yamma a unguwar Bronx, akwai ƙungiyoyin da aikinsu kenan su zauna da kai su cike maka fom, birnin ma tun 2017 yayi dokar ba ɗan haya mai ƙaramin ƙarfi lauya kyauta in an kai shi kotu, jihar kuma ta riƙe nata haramcin kora har tsakiyar Janairu 2022. A ƙaramin gari lauyan kyauta mafi kusa zai iya kasancewa tafiyar awa biyu a mota kuma ba motar haya.

Sannan ga abinda ya faru a Nebraska ita kanta, wanda har yau in na tuna raina yana ɓaci. Jihar tana da gundumomi 93, biyu daga ciki inda biranen Omaha da Lincoln suke sun karɓi nasu kai tsaye, sauran 91 ɗin, wato ƙauyuka da ƙananan garuruwa irin na ƙanenki, sai ta hannun gwamnatin jiha. A zangon farko kuɗin jihar bai fita da kyau ba har aka karkatar da kaso mai yawa zuwa biranen nan biyu. Da zango na biyu yazo gwamnan lokacin, Pete Ricketts, yace bazai nema ba dan a ganinsa gaggawar ta wuce, dala miliyan 120 ne. 'Yan majalisar jihar suka yi doka a 2022 dan tilasta masa, yaƙi sa hannu, suka zo tsallake shi ƙuri'a ɗaya tak ta rage basu samu ba. Sai a 2023 gwamnan da ya gaje shi, Jim Pillen, ya karɓi abinda ya rage, wajen miliyan 48. Mutum biyu masu aiki iri ɗaya da bashi iri ɗaya, ɗaya a Omaha ɗaya a garin da ke nesa da ita, wancan ƙofa a buɗe wannan a rufe. Ba Nebraska kaɗai ba, a Misisipi ma gwamna Tate Reeves ya rufe shirin jiharsa a Agusta 2022 alhali da sauran kuɗi.

Yanzu shirin ya ƙare, wa'adin zangon ƙarshe ya cika 30 ga Satumba 2025, dan haka kar a ce masa yaje ya nema. In har yanzu yana cikin matsi ya kira lamba 211, kyauta ce kuma suna haɗa mutum da masu taimako na yankinsa, ya nemi a bashi tafinta in Turancin zai masa nauyi, kuma yayi ƙoƙari a sa sunansa a takardar haya yana karɓar rasit duk wata. Ke kuma ki zauna da Inna a natse ki faɗa mata yaron nan bashi yaci dan kar a watsar masa da kaya waje a ƙasar da sanyinta ke kisa, kuma duk da haka bai daina turowa ba, ragewa yayi. Ki roƙe ta ta kira shi da kanta ko sau ɗaya ta sa masa albarka, wallahi wanda yake can shi kaɗai muryar mahaifiya yafi buƙata.

TAMBAYA

Malam ni abin mamaki yake bani, wai ƙauyen Amurka har da 'yan haya? Na ɗauka kowa da gidansa da gonarsa da motarsa.

Ɗalibi daga Zariya

AMSA

Akwai su ƙanena, wajen gida ɗaya cikin huɗu a karkarar Amurka haya ake yi, kuma yawanci ba manoma bane, ma'aikatan mayanka ne da na kamfanin kaji da masu tsinkar 'ya'yan itace da masu aikin kanti da tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare. Haya a ƙauye tafi ta birni sauƙi amma albashin ma yafi ƙasa, mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa kuma tun 2009 bai motsa ba. Wasu kuma gidan nasu ne, irin gidan da ake ƙerawa a masana'anta a jawo shi da babbar mota, amma filin da aka ajiye shi na wani ne, duk wata sai sun biya hayar fili, in suka kasa a ce su ɗauke gidansu alhali kuɗin ɗaukewar ma ya fi ƙarfinsu. Shi yasa aka amince tallafin ERA ya biya har hayar filin.

Abinda zai baka mamaki shine wacce ke kula da gidajen talakan ƙauye a can ma'aikatar noma ce. Tun farkon shekarun 1960 take da wani shiri da ake kira sashe na 515, tana ba mai son gina gidajen haya a ƙaramin gari bashi da ruwan kashi 1 cikin ɗari, biya a hankali har shekara 50, shi kuma ya yarda masu ƙaramin ƙarfi zai sa a ciki a farashin da aka ƙayyade. Da haka aka gina matsugunai sama da 500,000. Akwai ɗan uwansa sashe na 521, shi kuma ɗan haya ya biya kashi 30 cikin ɗari na samunsa gwamnati ta cike ragowar, to kaga lokacin korona wanda yake ƙarƙashin wannan in samunsa ya faɗi hayarsa ma sai ta sauka, baya buƙatar ya bi layin gaggawa. A dokar Maris 2021 an ƙara dala miliyan 100 dan waɗanda suke cikin gidajen amma basu da wannan cikon.

Inda matsalar take, tun bayan 2011 ba'a sake bada bashin gina sababbi a shirin ba, abinda ya rage wajen 400,000 ne, wajen biyu cikin uku na mazauna tsofaffi ne ko masu buƙata ta musamman, kuma yadda aka tsara shi ranar da mai gini ya gama biyan bashinsa ranar sharaɗin ke sauka, cikon hayar ma ya tafi da shi. Gidajen da aka gina a shekarun 1970 da 1980 yanzu wa'adinsu ke cika. A gari mai mutum dubu biyu sau da yawa wannan ginin shi kaɗai ne gidan haya mai kyau, in ya fita daga shirin tsohuwa mai shekara saba'in bata da inda zata koma a garin da ta binne mijinta. Ni a ganina wannan yafi jinkirin tallafin gaggawa muni, tallafi zai biya maka bashin wata biyar amma bazai aza bulo ko ɗaya ba.

TAMBAYA

Ni tsohon malamin firamare ne, da kuɗin sallamata na gina ɗaki uku na sa haya, da su nake ci tunda fansho sai a hankali. Lokacin kullen korona biyu daga cikin 'yan hayata suka kasa biya, na ɗaga musu ƙafa amma ni na san abinda gidana ya gani. Kullum ana maganar ɗan haya, shin a can Amurkan an tuna da irinmu?

Dattijo daga Kano

AMSA

Baba Allah ya saka muku da alheri, abinda kuka yi shine abinda aya ta 280 cikin Suratul Baƙara tayi umarni, a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi, kuma ban manta yadda kullen Kano na Afrilu 2020 ya zo ya haɗe da azumi ba, kasuwa a rufe mai ɗinki da mai Keke Napep duk a gida. Maganarku gaskiya ce, kuma a can ma irinku sun sha wuya. An hana kora tun Satumba 2020 amma kuɗin biyan masu gida ba'a ware shi ba sai ƙarshen Disamba, bai fara fita da ƙarfi ba sai wajen ƙarshen 2021, to a tsakanin nan wa ya ɗauki nauyin? Babban kamfani mai gidaje dubbai zai iya jurewa, amma a ƙananan garuruwa masu gidan da yawa irinku ne, mai gida ɗaya ko biyu, shima ana binsa bashin banki da haraji. Ƙungiyoyin masu harkar gidaje na jihohin Alabama da Jojiya suka kai ƙara, ranar 26 ga Agusta 2021 kotun ƙoli ta soke umarnin da rinjayen alƙalai 6 da 3, tace hukumar lafiya bata da hurumin yin haka sai majalisa. Da kuɗin ya fara fita masu gida ne suka karɓi mafi yawansa tunda bashinsu ake biya, an yi biya sama da sau miliyan 10, kuma korar da aka yi tsoro zata ɓarke bayan hukuncin bata kai yadda aka zata ba. Ni dai ra'ayina Baba, gwamnatin da tace wa mai gida dakata, dole ranar da ta faɗa ta sa hannu a aljihu, in ba haka ba talaka ta ɗora wa nauyin talaka.

TAMBAYA

Malam to mu fa? Me zai hana a yi irin wannan a Ghana da Najeriya da Nijar?

Mai karatu daga zangon Kumasi

AMSA

Ɗan uwa ciwon namu ba iri ɗaya bane da nasu, su wata-wata suke biya, mu kuma ana cewa ka kawo na shekara ko na shekara biyu a dunƙule kafin a baka makulli, ga na dillali. Ku a Ghana dokar haya ta 1963 ta hana karɓar sama da na wata shida a gaba amma kai ka san abinda ake yi a Kumasi da Akra. A Janairu 2023 gwamnatinku ta ƙaddamar da shirin tallafin haya na ƙasa, ita ta biya mai gida a dunƙule kai ka riƙa biya wata-wata, tunanin yana da kyau sai dai bashi ne kuma sai ka nuna shaidar samu tsayayye, mai tallan koko da ɗan dako a zango wacce takarda zasu nuna? Katangar da ta tare ma'aikacin mayanka a Nebraska ita ce dai wannan. A Nijar gwamnati ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin wuta da ruwa na Afrilu da Mayu 2020, a Najeriya kuma shirin farfaɗo da tattalin arziki na Yuni 2020 mai naira tiriliyan 2.3 yayi alƙawarin gidaje 300,000 masu rahusa, abinda aka gina bai ko kama ƙafar adadin ba, kuma babu wani shirin ƙasa da ya biya wa ɗan haya bashin kulle.

A ƙauyukanmu kuwa haya ba ita ce babbar damuwa ba, yawanci gidan gado ne, damuwar itace damina. A shekarar koronar nan dai, 2020, ambaliya ta rusa gidajen ƙasa masu yawa a Jigawa da Kebbi, kogin Kwara ya shiga unguwannin Yamai, mutane suka koma ajujuwan makaranta a lokacin da ake cewa a riƙa bada tazara. Abinda mutumin ƙauye yake buƙata siminti ne na ɗaga harsashi da yaɓe da kwano mai kyau, da bashi mara ruwa da zai biya bayan kaka.

Kuma akwai wani shiri na ma'aikatar nomar Amurka da nake ganin zai zauna mana daram, sashe na 523, ana haɗa iyalai 'yan kaɗan su gina gidajensu tare ƙarƙashin ƙwararren magini, su suke yin wajen kashi 65 cikin ɗari na aikin da hannunsu, guminsu ya zama kuɗin kafin alƙalami, kuma ba wanda zai tare sai an gama gidan kowa. Ai wannan gayya ce, mu muka san hannu ɗaya baya ɗaukar jinka tun kafin a rubuta musu dokar. Abinda suka ƙara kawai shine gwamnati na biyan mai kula da aikin kuma tana bada bashin kayan gini mai sauƙi. Ƙaramar hukuma ɗaya da gaske zata iya gwadawa da gida goma a mazaɓa ɗaya, mai unguwa da liman su zama shaidu a madadin takardar albashi. Kai kuma tunda kana Kumasi, in ka san wanda ya nemi tallafin hayar nan a zangonku, ya samu ko bai samu ba, ka rubuto mana yadda ta kaya da irin takardun da aka nema a wajensa mu buga a fitowa ta gaba.